Gem cikin rigar kwamfuta: abin da ke jan masu sha'awa zuwa ga na'urorin kwaikwayon Famicom masu allon rubutu

Akwai wata na'ura wadda idan mutum ya hango ta daga nesa zai ɗauka allon rubutu ne na kwamfutar tebur, mai maɓallan haruffa da na lambobi a jere, sai ya matso kusa ya ga a samanta akwai ramin da ake cusa kaset ɗin gem, a bayanta kuma wayoyi ne da ake jonawa da talabijin, ga kuma kafofin da ake maƙala abin riƙewa na wasa, wani lokaci har da linzamin kwamfuta. Ba ta da allon kallo nata, ba ta da faifan ajiya, kuma duk abin da ke aiki a cikinta bai wuce ɗan ƙaramin guntu guda da aka lulluɓe da baƙin danƙo a kan siririn katin lantarki ba. An sayar da irinta da yawa a ƙasashen Sin da Rasha da Indiya da Kudancin Amurka tun daga shekarun 1990, da sunan kwamfutar koyo ta yara. A yau wasu mutane da suka mallaki kwamfutoci na zamani suna neman waɗannan na'urori, suna kwance su, suna kwafe abin da ke cikin kaset ɗinsu, suna rubuta musu sababbin manhajoji. Don a gane abin da suke nema, sai an fara sanin me ke cikin na'urar da kuma yadda aka yi gem ya sa rigar kwamfuta.

Tushen labarin yana Japan. A ranar 15 ga Yuli, 1983, kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasa da ya kira Family Computer, wato kwamfutar iyali, sunan da aka taƙaita zuwa Famicom, kuma ita ce ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Ƙwaƙwalwarta, wadda kamfanin Ricoh ya ƙera, an gina ta ne a kan tsarin 6502, furosesar da kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975 a kan dala 25, a lokacin da takwarorinta ke ninka wannan farashi sau da yawa. Wannan furosesa ko 'yar'uwarta ta kusa ce ke cikin Apple II da Commodore 64 da BBC Micro, waɗanda babu mai musun cewa kwamfutoci ne. Ke nan tun ran gini tun ran zane, Famicom ta fito ne daga zuriyar kwamfutocin gida, kuma Nintendo da kansa ya san haka, domin a 1984 ya haɗa kai da Hudson Soft da Sharp aka fitar da Family BASIC: kaset mai ɗauke da harshen rubuta manhaja, da allon rubutu mai maɓallai 72, da kuma rikoda da ake saya daban don ajiye abin da aka rubuta a kan kaset ɗin sauti. Satoshi Tajiri, wanda daga baya ya ƙirƙiro Pokémon, yana cikin waɗanda suka yi amfani da shi wajen fahimtar yadda Famicom ke aiki. Amma Family BASIC bai fita daga Japan a hukumance ba, kuma Nintendo ya mayar da hankalinsa ga wasanni, inda kuɗin yake.

Abin da Nintendo ya ajiye, masu kwaikwayo ne suka ɗauka. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin Taiwan, musamman UMC, suka fara ƙera kwafin guntaye biyun da ke riƙe da Famicom, wato na lissafi da na hoto, daga baya kuma suka cure su wuri guda cikin guntu ɗaya tak. Wannan curewa ita ce ta karya farashin, domin daga nan duk masana'antar da za ta iya zuba roba a mazubi ta kuma liƙa 'yan wayoyi da dalma za ta iya fitar da tata na'urar. Wani abin da ya sauƙaƙa musu shi ne Famicom ta Japan ba ta da guntun kulle irin wanda aka sa wa NES ta Amurka don hana kaset ɗin da ba na Nintendo ba aiki, shi ya sa yawancin na'urorin kwaikwayo suka bi tsarin kaset na Japan mai haƙora 60 maimakon na Amurka mai 72. Ta haka aka sami Micro Genius a Taiwan, da Pegasus a Poland, da Phantom System a Brazil, da kuma Dendy, wadda kamfanin Steepler ya fara sayarwa a Rasha a ƙarshen 1992 da tambarin ɗan giwa, ta kuma yi farin jinin da sunanta ya zama sunan kowace na'urar wasa a bakin mutanen ƙasar.

A ƙasar Sin ne aka mayar da abin kwamfuta da gaske. Wata masana'anta a birnin Zhongshan na lardin Guangdong, ƙarƙashin jagorancin Duan Yongping, ta fitar da na'urorin Xiaobawang, waɗanda aka sani a waje da sunan Subor, kuma a 1993 ta ƙara musu allon rubutu ta kira su na'urar koyo. Dabarar ta dace da lokacinta ƙwarai. Kwamfutar tebur ta fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai, iyaye sun ji a jikinsu cewa ɗan da bai iya kwamfuta ba za a bar shi a baya, kuma suna kallon gem a matsayin abin da ke ɓata yara. Na'urar da ke koyar da buga rubutu da Turanci da lissafi, wadda fitaccen ɗan wasan fim Jackie Chan ke tallata ta a talabijin, ta bai wa iyaye hujjar saye, ta kuma bai wa yara abin da suke so, tunda ramin da ke karɓar kaset ɗin darasi shi ne dai ke karɓar na wasa. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ko da yake kowa ya san tsuntsun da ya fi faɗowa. Duk da haka bai kamata a raina ɓangaren koyon ba, domin a kan waɗannan alluna ne yara da dama suka fara koyon Wubi, hanyar shigar da rubutun Sinanci da Wang Yongmin ya ƙirƙira a 1983, wadda ke rarraba kowane harafi zuwa sassan da aka ɗora a kan maɓallai 25, kuma ƙwarewa ce da ke samar wa mutum aikin ofis a wancan zamani. Shi kuwa Duan ya bar kamfanin a 1995 ya kafa BBK, inda daga baya Oppo da Vivo suka tsiro, don haka akwai zare da ya haɗa wannan allon roba da wayoyin da ke hannun miliyoyin mutane a yau.

Me na'urar za ta iya yi, kuma a ina ta gaza? Ƙwaƙwalwarta tana gudu a kan kusan megahaz 1.8, ma'adanar aikinta kuma kilobayit 2 ce kacal, wato wajen haruffa dubu biyu, abin da bai fi shafi guda na littafi ba. Guntun hoto yana da tasa kilobayit 2 daban, yana zana allo mai ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye, amma ba ɗigo-ɗigo yake karɓar umarni ba: yana jera ƙananan murabba'ai ne masu ɗigo takwas-takwas, 32 a kwance da 30 a tsaye, yana ɗebo su daga jerin siffofi 256 da yake iya gani a lokaci guda. Ga rubutun boko wannan ya wadatar, domin harafi ɗaya murabba'i ɗaya ne. Ga Sinanci kuwa matsala ce babba, saboda harafi mai kyan karantuwa yana cin murabba'ai huɗu, ke nan haruffa 64 kawai za a iya nunawa idan ba a yi dabara ba, alhali allon yana da gurbin 240. Dole masu ƙera kaset ɗin koyo suka ƙara ma'adana da guntayen sauya shafi a cikin kaset ɗin kansa, yadda za a riƙa musanya jerin siffofin yayin da talabijin ke tsakiyar zana hoton. Akwai kuma wani ƙunci da duk mai rubuta manhajar rubutu a kan na'urar zai ci karo da shi: ba a iya taɓa ma'adanar hoto sai a ɗan taƙin da talabijin ke hutawa tsakanin hoto da hoto, wanda bai kai bugun furosesa 2,300 ba, kuma wannan bai isa a sake rubuta duka murabba'ai 960 na allon ba. Abin da kwamfutar zamani ke yi ba tare da an lura ba, kamar ɗaga rubutu zuwa sama da tazarar layi ɗaya, a nan sai an zauna an yi masa lissafi.

Sai dai akwai wata siffa ta na'urar da ta fi duk waɗannan iyakoki muhimmanci, kuma ita ce mabuɗin sha'awar da ake yi mata. Famicom ba ta da wata manhaja ta kanta a ciki. Idan aka kunna ta, furosesa tana zuwa ne kai tsaye ta karanta umarnin farko daga kaset, kuma rabin dukan adireshin da take iya gani, wato kilobayit 32 daga cikin 64, na kaset ne, ban da wani gurbi na kilobayit 8 da kaset ke iya cikewa da ƙarin ma'adanar aiki. Ma'anar wannan ita ce wanda ya ƙera kaset shi ya yanke hukuncin abin da na'urar za ta zama. Yana iya ƙara mata ma'adana, ko agogo, ko kafar katin ajiya, ko ma wata furosesa ta biyu, ba tare da ya nemi izinin kowa ba, kuma babu wani tsarin gudanarwa da zai shiga tsakaninsa da ƙarfen.

A ganina, a nan ne ainihin amsar take. Ana yawan cewa begen ƙuruciya ne ke mayar da mutane ga waɗannan na'urori, kuma akwai gaskiya a ciki, musamman ga waɗanda suka tashi a Rasha ko Sin a shekarun 1990. Amma bege yana ƙarewa ne a kunna tsohon wasa na awa guda, ba ya sa mutum ya kwashe watanni yana bin sawun wayoyi da na'urar awo. Abin da ke riƙe mutum shi ne wannan na'ura ce da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za ta iya ɗaukarta dukanta. Furosesar 6502 tana da umarni 56 a hukumance da manyan rumbunan riƙe lamba guda uku, an gina ta da tiransisto kusan 3,500, yayin da ta wayar hannu ta yau ke da biliyoyi. Wanda ya dage zai iya sanin abin da ke faruwa tun daga lokacin da yatsansa ya danna maɓalli, zuwa yadda furosesa ke zagaya layukan allon rubutun tana tambayar kowanne ko an taɓa shi, zuwa lokacin da harafin ya bayyana a talabijin, ba tare da wani mataki ya ɓoye masa ba. Babu injiniyan da zai iya faɗin haka game da kwamfutar da ke kan teburinsa. Arhar na'urar kuma tana ƙara wa wannan armashi, domin mutum ba ya jin tsoron huda akwatinta ko ƙona mata wani sashe, saɓanin tsohuwar Apple II ko Famicom ta asali, waɗanda yanzu masu tara kayan tarihi ke lallaɓawa kamar ƙwai.

Kayan aikin ma sun samu fiye da yadda suke a zamanin da na'urar ke tashe. Akwai cc65, wadda ke fassara harshen C zuwa umarnin 6502 kyauta, akwai manhajojin kwaikwayo irin FCEUX da Mesen da ke barin mutum ya tsayar da na'urar a tsakiyar aiki ya leƙa kowane bayit, akwai kuma kaset na zamani irin EverDrive da ke karanta manhaja daga katin ajiya. Tun da wa'adin rajistar ƙirƙira shekara ashirin ne, kariyar da ke kan ƙirar ƙarfen Famicom ta ƙare a tsakiyar shekarun 2000, kusan lokacin da Nintendo ya daina ƙera ta a 2003, shi ya sa ake sayar da na'urori irin RetroN a fili a Amurka. Wasannin kuwa haƙƙin mallakarsu yana nan daram, kuma kaset ɗin nan da ke alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne aka maimaita da sababbin sunaye, satar fasaha ce ko an ƙi ko an so. Mai rubuta manhajarsa da kansa ba shi da wannan matsala.

Akwai lokacin da aka so a ɗora wa na'urar kayan da suka fi wannan nauyi. Wani ɗalibi mai suna Derek Lomas ya ga ana sayar da irinta a Indiya a kan kimanin dala 12, a daidai lokacin da duniya ke zancen kwamfutar dala 100 ta shirin Nicholas Negroponte na bai wa kowane yaro kwamfutar cinya. Shi da abokan aikinsa suka kafa shirin Playpower a 2008, wanda ya sami tallafin gidauniyar MacArthur, bisa hujjar cewa ba sai an ƙera sabuwar na'ura ba tunda ga wata ana ƙerawa ana kuma rarrabawa ba tare da tallafin kowa ba, abin da ya rage kawai a zuba mata manhajojin koyo masu inganci. Hujjar tana da kyau, kuma na fi ganin hikimarta a kan ta masu son fara komai daga tushe. Amma zamani ya yi mata riga malam masallaci: a 2012 kwamfutar Raspberry Pi ta fito a kan dala 35, a 2015 ƙaramarta ta fito a kan dala 5, wayoyin Android masu arha kuma suka bazu ko'ina, kowannensu yana shiga intanet, abin da na'urar kwaikwayon Famicom ba ta yi. Duk wanda ke tallata ta a yau a matsayin kwamfutar talaka bai yi wa talakan adalci ba. Darajarta a wajen koyar da yadda kwamfuta ke aiki daga ciki take, kuma wannan aiki ne daban da samar wa mutum abin rubuta takardar neman aiki.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa da yawa daga cikin na'urorin da aka sayar kwamfutoci ne a ido kawai. An yi kaset da ke nuna hoton Windows 98 ko Windows XP, da alamomi a jere da kibiyar linzami tana yawo, amma idan aka danna alamar intanet sai wani hoto da aka zana tun a masana'anta ya fito, wasu alamomin ma ba sa yin komai. Babbar illar kuwa ita ce rashin ajiya. Family BASIC na asali yana da batir a cikin kaset da kuma hanyar rikoda, wasu na'urorin Subor da BBK masu tsada sun zo da kafar firinta ko ma'ajin faifai, amma masu arhar gaske ba su da ko ɗaya, don haka yaro zai kwashe yamma guda yana buga layukan manhaja da harshen G-BASIC, wanda aka samo daga Family BASIC, ko F-BASIC da ke iya lissafi da ɓangaren lamba, sannan da an kashe wuta komai ya tafi. Wannan ne ma'aunin da nake ganin ya raba kwamfuta da abin wasa mai allon rubutu: shin abin da ka rubuta yau za ka same shi gobe, kuma za ka iya miƙa shi ga wani? Ba mamaki gyaran farko da masu sha'awa ke yi shi ne ƙara hanyar ajiya, ko ta batir, ko ta katin ajiya, ko ta waya zuwa wata kwamfutar.

Wahalar da ta fi cin lokaci ita ce babu na'urori biyu da suka yi daidai da juna. Allon rubutu na Family BASIC yana da layuka tara a tsarin wayoyinsa, na Subor yana da goma sha uku, don haka manhajar da aka rubuta wa ɗaya tana karanta haruffan da ba su ba a kan ɗayan. Wasu guntayen kwaikwayo sun musanya siffofin sauti guda biyu, kiɗa yana fita da wata murya daban. Guntayen baya-bayan nan na kamfanin V.R. Technology, irin VT02 da VT03, sun zo da nasu tsarin, na biyun ma ya ƙara launuka da babu su a na'urar asali. Na'urori irin Dendy kuwa sun bi wata hanya ta tsakiya: suna zana hoto sau 50 a daƙiƙa maimakon sau 60 na Japan don su dace da talabijin na Turai da Rasha, amma sun riƙe ma'aunin lokaci na Japan tsakanin furosesa da guntun hoto don kaset ɗin Japan su yi aiki ba tare da gyara ba, sakamakon haka wasanni da kiɗansu suna tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan dabara ta injiniyoyin Taiwan ta isa a yaba mata, kuma yanzu manhajojin kwaikwayo suna da zaɓi na musamman mai sunan Dendy saboda ita. Akwai kuma tarkon da sabon shiga ke faɗawa: da yawa daga cikin ƙananan na'urorin tsoffin wasanni na zamanin nan, har da NES Classic da Nintendo ya fitar a 2016, ba su da 6502 a ciki sam, furosesar zamani ce ke kwaikwayonta da manhaja, don haka ba su da abin da mai son taɓa ƙarfe ke nema.

Ɓangaren aikin da na fi girmamawa shi ne na adanawa, domin shi ne wanda lokaci ke ƙure wa. Tarihin kwamfutar gida da aka saba bayarwa na Amurka da Ingila da Japan ne, na Apple da Commodore da Sinclair, alhali ga ɗimbin yara a Sin da Rasha da wasu ƙasashe, layin farko na manhaja da suka taɓa bugawa a kan allon Subor ko makamancinsa suka buga shi. Kamfanonin da suka ƙera waɗannan kaset ba su ajiye kundin tarihi ba, da yawansu ba su ma sa sunansu a jikin kayan ba saboda sun san a gefen doka suke aiki. Guntayen suna ƙarƙashin baƙin danƙo ba tare da lamba ba, kowane kaset yana da nasa salon sauya shafi da ba a rubuta a ko'ina ba, don haka mai son kwafe shi sai ya yi ta aika masa sigina yana duba abin da ya dawo har ya gano tsarin, sannan ya rubuta bayanin yadda masu manhajar kwaikwayo za su iya ƙara shi. Robar akwatunan tana yin rawaya tana tsagewa, siraran takardun da ke ƙarƙashin maɓallai suna yankewa, kuma kaset ɗin darasi, waɗanda yara suka fi jefarwa gefe don su sa na wasa, su ne yanzu suka fi wuyar samu.